Hali zanen dutse ne? Tambayar da ke raba masu cewa a ɗaure da masu cewa a gyara

A watan Disamban 2019 aka yi wani biki a garin Gudumariya da ke jihar Diffa. Mutum fiye da 100 ne suka fito daga cibiyar da gwamnati ta killace su, wasunsu bayan fiye da shekara biyu. Dukkansu tsofaffin ƴan Boko Haram ne da suka ajiye makamai suka miƙa wuya. A cibiyar an koya musu sana'o'in hannu irin su ɗinki, walda da kanikanci, malamai sun zauna da su a kan addini, sannan suka yi rantsuwa da Alƙur'ani cewa ba za su koma daji ba.

Shirin ya samo asali ne daga sanarwar da ministan cikin gida na wancan lokaci, Mohamed Bazoum, ya yi a Disamban 2016, cewa za a yi afuwa ga duk ɗan ƙungiyar da ya fito da kansa. Lissafin gwamnati shi ne kowane mayaƙi da ya fito, an rage bindiga ɗaya a tsibiran tafkin Chadi. Mutanen da yaƙin ya ci kuwa, nasu lissafin daban ne. Tun Fabrairun 2015 da aka fara kai hari Bosso da Diffa suke binne ƴan uwansu. A Yulin 2017 an kashe mutum 9 a Ngalewa, aka yi awon gaba da mata da yara 39. Shekara guda bayan bikin Gudumariya, a Disamban 2020, an kashe aƙalla mutum 27 a Tumur. Matar da ta kwana a sansanin ƴan gudun hijira ba ta da ko keken ɗinki, ga shi an ba wanda ya fito daga cikin waɗanda suka kore ta.

Duk gardamar da ake yi kan tubabbu, a fada ko a zaurukan WhatsApp na ƴan ƙasa mazauna Libiya, Aljeriya, Abijan da Turai, a kan tambaya ɗaya take tsayawa: mutumin da ya saba da ɓarna yana iya sake hali? Amsar da kowa ya riƙe a zuciyarsa ita ce ke faɗa masa hukuncin da ya dace da mai laifi, tun daga ɓarawon waya a kasuwar Maraɗi har zuwa ɗan bindiga.

Karin magana ta rabu biyu

Bahaushe bai tsaya a gefe ɗaya ba a wannan magana. Shi ne ya ce hali zanen dutse, mai hali ba ya fasa halinsa. Shi ne kuma ya ƙirƙiro kalmar tuban muzuru, don wanda ya tuba da baki alhali idonsa na kan kaji. A ɗaya gefen ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wato dai yana tanƙwaruwa, kuma ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Abin lura shi ne lokacin da ake ɗauko kowanne. Idan ɗan gidan ne jandarmomi suka kama, sai a ce ƙuruciya ce, abokai ne suka ja shi, zai daina. Idan ɗan wata unguwa ne ko baƙo, sai a ce haka jininsu yake. Laifin ɗaya ne, amma wanda aka san shi tun yana yaro ana ganin laifin a matsayin abin da ya aikata, wanda ba a sani ba kuma ana ɗaukar laifin shi ne mutumin gaba ɗaya. Daga nan zuwa ihun ɓarawo da duka a tsakiyar kasuwa ba nisa, domin wanda aka yanke cewa ba zai gyaru ba, ba a ganin amfanin kai shi gaban alƙali.

Abin da masana suka gano

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna auna wannan. Carol Dweck, farfesa ƴar Amurka, ta raba tunanin mutane gida biyu: masu ganin hali abu ne kafaffe da aka haifi mutum da shi, da masu ganin yana sauyawa bisa tarbiyya, muhalli da ƙoƙarin mai shi. A binciken da ta wallafa da abokan aikinta a 1997, an ga cewa na farko sun fi saurin neman a hukunta wanda ya yi kuskure, na biyu kuwa sun fi karkata ga a yi masa nasiha a nuna masa hanya.

A 1999 suka yi wani gwaji mai kama da zaman kotu. An ba mutane bayanin shari'ar kisan kai iri ɗaya, sai dai an sauya yadda aka siffanta shigar wanda ake tuhuma, wani lokaci shigar mutunci, wani lokaci shigar ƴan daba. Masu ganin hali ba ya sauyawa sun fi barin tufafin ya rinjayi hukuncinsu. Masu ganin yana sauyawa sun fi tsayawa kan ƙarfin hujja. Wannan ya shafi duk matashin da aka taɓa tsarewa a shingen bincike saboda askinsa ko tabon da ke fuskarsa.

A Birtaniya kuma, Shadd Maruna da Anna King sun tambayi mutum fiye da 900, suka wallafa sakamakon a 2009. Sun raba tambayar gida biyu: me ya sa mutum ya yi laifi, kuma zai iya bari? Sun gano cewa tambaya ta biyu na da nauyi mai zaman kansa. Mutum na iya yarda cewa talauci da rashin gata ne suka lalata yaro, ya tausaya masa, amma duk da haka ya nemi a kulle shi a jefar da makulli, saboda yana ganin ɓarnar ta riga ta kama jiki. Waɗanda suka fi kowa tsanani su ne masu ganin mai laifi da gangan ya zaɓi hanyarsa, kuma ba zai taɓa barinta ba.

Sai dai yarda cewa mutum na sauyawa ba kullum take kawo sassauci ba. Wanda ya yi imani da cewa ɓarawo na iya daina sata, shi ne zai fi fusata idan ya ga an ba shi dama sau biyu sau uku ya koma. A wurinsa uzuri ya ƙare, tunda ƙofar a buɗe take ya ƙi fita.

Masu shakka na da hujja

Mutanen Madarunfa da Gidan Runji da ke kwana da fargabar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane ba sa buƙatar a ba su labarin tuban muzuru. Sun ga abin da ya faru a ƙetaren iyaka. Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi sulhu da ƴan bindiga a 2016, ya sake yi a 2019, daga baya ya fito ya ce sun ci amana. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar Ƙanƙara a Disamban 2020, ya miƙa makamai a Gusau a Fabrairun 2021, ya rantse da Alƙur'ani a gaban manema labarai. Kafin ƙarshen Afrilun wannan shekara ya koma daji, kuma can aka kashe shi a faɗa da wata daba.

Alƙaluma ma na ba masu shakka ƙarfi. Hukumar ƙididdigar shari'a ta Amurka ta bi sawun fursunonin da aka saki a 2005 a jihohi 30. Cikin shekara uku an sake kama kashi 68 cikin 100, cikin shekara tara kuma kashi 83.

Amma idan aka duba labarin Daudawa da kyau, za a ga abin da aka kira tuba bai wuce bikin yini ɗaya ba. Yaransa na nan, dajin na nan, kuɗin fansa na ci gaba da shigowa, ba a gurfanar da shi gaban kotu ba, iyayen yaran Ƙanƙara kuma ba su ji ya nemi gafararsu a zaman shari'a ba. An karɓi bindigogi, ba a taɓa ko ɗaya daga cikin abubuwan da suka mai da shi ɗan bindiga ba. Labarinsa na nuna cewa rantsuwa kaɗai ba ta sauya mutum. Bai nuna cewa babu abin da ke sauya shi ba.

Abin da shekaru ke yi wa mai laifi

Akwai abu guda da masu nazarin laifuka suka yi ittifaƙi a kansa tun ƙarni na 19: aikata laifi na hauhawa a shekarun samartaka, ya kai ƙololuwa wajen shekara 18 zuwa 25, daga nan ya riƙa sauka. Masana biyu, Robert Sampson da John Laub, sun bi rayuwar yara 500 da aka taɓa tsarewa a gidan kangararru a yankin Boston na Amurka har suka kai shekara 70. A littafin da suka fitar a 2003 sun nuna cewa ko waɗanda suka fi ƙaurin suna, laifinsu ya riƙa raguwa da shekaru. Abubuwan da suka fi saurin juya su su ne aure mai ɗorewa, aiki tsayayye da shiga soja, wato duk abin da ke raba mutum da tsofaffin abokai, ya tsara masa yininsa, ya ba shi abin da yake tsoron rasawa.

Damagaram ta san wannan ba tare da littafi ba. Ƙungiyoyin matasa da ake kira pale sun yi suna a birnin wajen faɗa da wuƙa da adda, da ɗaga ƙarfe a bakin titi. A 2021 Aïcha Macky, ƴar asalin garin, ta fitar da fim mai suna Zinder da ta ɗauka a unguwar Kara-Kara, inda a da aka keɓe kutare. Fim ɗin ya nuna tsohon shugaban pale da ya koma kabu-kabu, da wasu matasa majiya ƙarfi da ke fafutukar kafa kamfanin gadi don su ci abinci da jikinsu ta hanyar halal. Ya kuma nuna yadda sunan unguwar kansa ke bin yaro duk inda ya je neman aiki.

Ga ƙasar da kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 ba, wannan lissafi ba ƙarami ba ne. Yawancin waɗanda ake kamawa yau matasa ne da ke cikin shekarun da laifi ya fi yawa, kuma kusan dukkansu za su fito su dawo unguwa. Abin da ya rage shi ne a wane hali za su dawo.

Idan imani ya zama doka

Amurka ta gwada amsa ɗaya. A 1974 wani masani, Robert Martinson, ya wallafa nazarin bincike 231 kan shirye-shiryen gyaran fursunoni, aka fassara sakamakonsa da cewa babu abin da ke aiki. A 1979 shi da kansa ya janye wani ɓangare na maganar, amma ƴan siyasa sun riga sun ɗauka. Aka tsawaita ɗauri, aka rage wa alƙalai ikon sassauci. A 1994 jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ta ce babban laifi na uku na iya jawo ɗaurin shekara 25 zuwa rai da rai. Yawan fursunonin gidajen yarin jihohi da na tarayya ya tashi daga kimanin 200,000 a farkon shekarun 1970 zuwa fiye da miliyan ɗaya da rabi a 2009.

Norwe ta ɗauki ɗaya hanyar. A gidan yarin Halden da aka buɗe a 2010, fursuna na zuwa aji ko wurin koyon sana'a kamar yadda ma'aikaci ke zuwa aiki, domin tsarin ƙasar ya ginu a kan cewa rabuwa da ƴanci shi ne hukuncin, ba a ƙara masa wulaƙanci. Wani bincike da masana tattalin arziki suka wallafa a 2020 ya nuna cewa ɗauri a Norwe na rage komawa ga laifi, kuma amfanin ya fi fitowa ga waɗanda ba su da aiki kafin a kama su, suka samu horo a ciki. Hakan bai sa ƙasar ta saki jiki da kowa ba. Anders Breivik da ya kashe mutum 77 a Yulin 2011, an yanke masa shekara 21 da kotu za ta iya ci gaba da tsawaitawa muddin yana da haɗari.

Nijar na tsakiya. Hukuncin kisa na nan a doka, amma rabon da a zartar da shi tun 1976. Akwai cibiyar Dakoro ta yaran da suka saɓa wa doka, kuma a 2017 an kafa dokar da ta ba alƙali damar yanke aikin amfanin jama'a a madadin ɗauri kan ƙananan laifuka. A takarda ke nan ƙasar ta yarda mutum na gyaruwa. A aikace kuwa, gidan kason Yamai da aka gina tun zamanin mulkin mallaka don mutum ƴan ɗaruruwa na ɗauke da ninkin hakan, kuma fiye da rabin waɗanda ke tsare a ƙasar jiran shari'a suke yi. Matashin da ya shiga kan satar akuya, ya yi watanni cikin cunkoso ba aji ba sana'a, malamansa su ne manyan ɓarayin da ya tarar a ciki. Idan ya fito ya sake sata, sai a ce ai dama hali zanen dutse.

Tabon da ke bin mutum

A nan ne imani ke haifar da hujjar kansa. A 2003 wata masaniya, Devah Pager, ta aika matasa neman aiki a birnin Milwaukee na Amurka da takardu iri ɗaya, sai dai wasu sun nuna an taɓa ɗaure su. Cikin fararen fata, an kira kashi 34 cikin 100 na marasa tabo, aka kira kashi 17 na masu tabo. Cikin baƙaƙen fata an kira kashi 14 da kashi 5. A Nijar ma duk mai neman shiga aikin gwamnati ko soja sai ya kawo takardar kotu da aka fi sani da kaziye. Bayan ita akwai wadda ba a rubutawa: mai gareji da ba zai ɗauki yaron ba, da uban da ba zai ba shi ƴarsa ba. Aiki da aure, abubuwa biyun da bincike ya nuna sun fi raba mutum da laifi, su ne farkon abin da ake hana shi.

Wannan ra'ayi na jama'a shi ma yana motsawa. A Maiduguri, garin da Boko Haram ta fara, wasu masu bincike sun kunna wa mutane saƙon rediyo na wani malamin addini da ke magana kan yafiya a Musulunci, wasu kuma aka kunna musu wani saƙo daban. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa goyon bayan karɓar tsohon mayaƙi ya ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100 a wurin waɗanda suka ji malamin, har da yarda a yi ciniki da shi a zauna da shi.

Malamai kan kawo ƙissar da ta zo a Buhari da Muslim, ta mutumin da ya kashe rai 99. Ya tambayi wani mai ibada ko yana da tuba, ya ce masa babu, sai ya cika ɗari da shi. Malamin da ya tambaya daga baya ya ce masa ƙofar a buɗe take, amma ya haɗa masa da sharaɗi: ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki. Haka kuma malaman kan tuna cewa mumini ba ya yarda a sare shi sau biyu daga rami ɗaya, kuma tuba daga zaluntar mutane ba ta cika sai an mayar da haƙƙi ko an nemi yafiyar mai shi.

Haƙƙin wanda aka zalunta

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi ɓacewa a shirye-shiryen gwamnatoci. A Najeriya, shirin Operation Safe Corridor da aka fara a 2016, mai sansani a Malam Sidi ta jihar Gombe, ya sha suka daga ƴan Borno, ciki har da Sanata Ali Ndume, cewa ana kula da waɗanda suka yi ɓarna alhali waɗanda aka yi wa na sansanin gudun hijira. Da yawa daga masu ƙin tubabbu ba sauyin halin suke musu ba. Abin da ke ci musu rai shi ne gwamnati ta yafe abin da ba ita aka yi wa ba.

Ruwanda ta bi ta wata hanya bayan kisan ƙare dangi na 1994. Kotunan gargajiya na Gacaca, da suka yi aiki daga 2002 zuwa 2012, sun saurari shari'a kusan miliyan biyu a filin gari. Wanda ya amsa laifinsa a gaban jama'a, ya faɗi abin da ya yi, ya nemi gafara, ana rage masa ɗauri ya cika saura da aikin gayya. Kotunan sun sha suka kan rashin lauyoyi da matsin lamba ga shaidu, amma sun sa mai laifi ya tsaya gaban waɗanda ya zalunta kafin ya koma zama da su.

Yau a jihar Diffa akwai garuruwan da tubabbe da marayan yaƙi ke cin kasuwa ɗaya. A Damagaram tsohon ɗan pale na jiran fasinja a bakin tasha, a Maraɗi kuma kowane wata akwai matashin da ke fitowa daga gidan kaso da ledar kayansa a hannu. Alƙali ya gama nasa aikin a kansu. Abin da zai biyo baya yana hannun mai garejin da zai ce masa ya zo gobe ko kada ya zo, da limamin da zai ba shi wuri a sahu, da ɗan uwan da ke ƙetare da za a kira a tambaya ko zai turo kuɗin babur.